Labarin Maikel Farade, Ɗan Maƙeri

Duk wanda ya zaga Birnin Kebbi ko Argungu ya ga wani akwatin ƙarfe a bakin hanya, an kewaye shi da shinge, yana ƙugi dare da rana. Shi ne taransifoma. Kowa ya san in ya ƙone unguwa ta shiga duhu, injin niƙa ya tsaya, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya gano asirinsa. To, ga labarinsa.

An haifi Maikel Farade ran 22 ga Satumba, 1791, kusa da birnin Landan. Ubansa maƙeri ne, matalauci, ga shi kuma ba ya rabuwa da ciwo. Saboda haka yaron bai sami makaranta ba sai ta koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi. Da ya shekara 14 aka kai shi wurin wani mai ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai yana koyon sana'a. Sauran yara su ɗinka littafi su ajiye, shi kuwa sai ya karanta abin da ke ciki. Nan ya fara gamuwa da zancen lantarki.

Cikin 1812 ya je ya saurari laccocin wani babban masani, Hamfiri Debi, a gidan binciken ilmi da a ke kira Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji daki-daki, ya ɗinka shi littafi, ya aika wa Debi, ya roƙi aiki. A 1813 aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaji, mai wankin kwalabe. Da suka tafi yawon ƙasashen Turai matar Debi ta riƙa wulakanta shi kamar bara. Ya haɗiye, gama abin da ya kawo shi ya fi wannan.

Ranar da ta fi kowace a zamansa ita ce 29 ga Agusta, 1831. Ya sami wani zoben ƙarfe mai faɗin inci shida, ya naɗa wayar jan ƙarfe a gefe guda, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ba su taɓa juna ba ko kaɗan. Ya haɗa ta fari da batir, ta biyu kuwa da ma'auni mai allura. Haɗawarsa ke da wuya sai allura ta zabura, ta koma ta kwanta. Da ya cire batir ta sake zabura, ta nufi wancan gefe. Da wani ne, da ya ce ai gwajin bai yi ba, tun da allurar ba ta tsaya ba. Farade ya tsaya ya yi tunani, ya gane wutar da ke cikin waya ta fari ita ke mai da zoben maganaɗisu, kuma ba ya haifar da wuta cikin waya ta biyu sai lokacin da ƙarfinsa ke sauyawa. Wannan zobe yana nan ajiye a Landan har yau.

Ga yadda taransifoma ke aiki ke nan. Wutar da mu ke sha ba ta tafiya gefe guda kamar ta batir, kai da komowa ta ke yi sau 50 cikin daƙiƙa, don haka maganaɗisun bai daina sauyawa. In naɗin waya ta biyu ya fi na ta fari yawa, turin wutar ya hau. In ya kasa, ya sauka. Amma kada ku zaci akwatin na ƙara wuta. Ku dubi gulbinmu: inda ya matse ya kan yi gudu da ƙarfi, inda ya bazu cikin fadama ya lafa, alhali ruwan ɗaya ne. Man da ke cikin akwatin kuwa shi ke sanyaya naɗin, shi ya sa in ɓarayi sun tsiyaye shi sai ya ƙone.

Me ya sa a ke ɗaga turin? Domin wuta mai ƙaramin turi in ta yi nisa sai ta ƙare wajen zafafa waya. Daga madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, a kan ɗaga ta zuwa bolt 330,000, ta iso Birnin Kebbi. Nan a kan rage ta zuwa 132,000, a tura wa Sakkwato. A 1976 kuma aka ja waya daga nan har Yamai. Sa'an nan a yi ta ragewa, 33,000, 11,000, har akwatin unguwa ya mai da ita kimanin 230, yadda ƙwan fitila zai iya ɗauka.

Farade bai ga wannan da idonsa ba, gama sai wajen 1885 injiniyoyin Hangari da na Amurka suka ƙera taransifoman da ya shiga kasuwa. Shi kansa bai nemi dukiya da abin da ya gano ba. Sau biyu aka ba shi shugabancin babbar ƙungiyar masanan Ingila, ya ƙi. Abin da ya fi so shi ne ya tara yara ya yi musu gwaji su gani da idonsu. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867.

To, 'yan'uwa, mu da za a ba mu aji gobe, wannan labari namu ne. Cikin yaran da za su zauna gabanmu akwai ɗan maƙeri, da ɗan masunci, da wanda bai iya lissafi ba. Farade ma har ya tsufa bai ƙware a lissafi ba. In yaro ya ga wani ɗan abu ya yi tambaya, kada mu daka masa tsawa don mu ɓoye rashin saninmu. Mu tsaya mu duba tare da shi. Allah Ya sa mu iya, amin.