Florence Nightingale, Uwar Makarantun Jinya

Ran 12 ga watan Mayu na kowace shekara ake kiyaye Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, gama a ranar ce aka haifi Florence Nightingale a birnin Florence na Italiya, cikin shekara ta 1820. Iyayenta attajirai ne na Ingila, ba su kuwa so ta shiga jinya ba, domin a zamanin ana ɗaukarta aikin ƙasƙanci. Duk da haka ta nace, har ta tafi Kaiserswerth ta Jamus a 1851, ta yi watanni tana koyo.

Sa'ad da Ingila ta shiga Yaƙin Kirimiya, aka aike ta asibitin sojoji na Scutari a Turkiyya. Ta isa a watan Nuwamba 1854 tare da mata 38, har da Sistocin Katolika. Ta tarar kwalara da atuni da taifod suna kashe sojoji fiye da raunukan yaƙi. A can ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta ceton rai. Waɗansu daga cikin matan ta mayar da su gida don ba su dace da aikin ba, amma ta dogara ƙwarai ga ƙwararru irin su Sista Mary Clare Moore.

Wannan darasi ne ya sa ta kafa makarantar jinya a Asibitin St. Thomas na Landan a 1860, da ɗalibai 15. Shekara guda suke yi a ɗakunan marasa lafiya a ƙarƙashin shugabar jinya Sarah Wardroper, suna koyon wanke rauni, da tsabta, da lura da kowane canji a jikin majinyaci. Ana kuma rubuta rahoto a kan aikin kowace ɗaliba da halinta. Daga baya ta ƙi yarda a auna cancantar mai jinya da jarrabawa kaɗai. Ta rasu a Landan ran 13 ga Agusta 1910, tana da shekara 90.

'Yan'uwa, 'ya'yanmu suna fitowa daga makarantun jinya da takardun shaida, muna kuwa murna. Amma hannu ba ya ƙwarewa sai a bakin gadon majinyaci. Saboda haka muna roƙon manyan ma'aikata su ja sababbi a jiki, kada a bar su su kaɗai a aikin dare tun ba su ƙware ba. Sababbi kuma kada su ji kunyar tambaya, gama rai ne aka ba su amana.