Aminata Fall: Mai Gidan Hayar da Muryarta Ta Cinye Fim

Yau zan ɗauke ku mu bar gida, mu nufi Senegal, don in ba ku labarin wata baiwar Allah da ta rasu tun 2002, wadda ni kaina sai da na kalle ta a fim sau biyu kafin na damu da sanin sunanta. Wannan sakacin nawa shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Wasunku za su tuna hoton da Beyoncé da Jay-Z suka fitar a 2018 don tallan zagayen wasanninsu, suna kan babur an ɗaura masa ƙahon sa a gaba. To wannan hoton kwaikwayo ne daga wani fim ɗin Senegal mai suna Touki Bouki, wanda Djibril Diop Mambéty ya shirya a 1973. Ma'anar sunan da harshen Wolof ita ce tafiyar kura. Saboda hoton nan na nemi fim ɗin na kalla. Labarin Mory ne, saurayi makiyayi da ya shigo Dakar, da budurwarsa Anta 'yar jami'a. Ba su da wani buri sai su tsallaka Paris, ko ta halin ƙaƙa. Magaye Niang da Mareme Niang ne suka fito a matsayin masoyan, kuma su kowa yake magana a kai.

Amma akwai wata mata a ciki da ake kira Oumy, mai faɗa, mai dariyar ƙeta, wadda take bin Mory bashi tana tsine masa a bainar jama'a. Can gaba a fim ɗin, Mory yana mafarkin ya yi arziki, ga shi cikin babbar mota an yi ado ana ratsa gari. Sai ga matar nan dai, wadda ta gama zaginsa, ta fito tana rawa tana zuba masa kirari da wata murya mai kauri, mai ɗan gurnani, irin wadda ke tayar da tsigar jiki. Wallahi a nan na dakatar da fim ɗin na mayar baya. A 'yan mintoci kaɗan ta nuna mana halin duniya gaba ɗaya: wanda ya zage ka kana tsiya shi ne zai fara yi maka kirari ranar da ka samu. Wannan matar ita ce Aminata Fall.

An haife ta a 1930 a Saint-Louis, garin da mutanensa ke kira Ndar. Tsohon birni ne a kan tsibiri, kusa da inda Kogin Senegal ke shiga teku, kuma shi ne babban birnin ƙasar a zamanin Faransawa kafin a mayar da shi Dakar. Gari ne na masunta, 'yan kasuwa, sojoji da ma'aikatan gwamnati, saboda haka kiɗan waje ya shige shi da wuri: jaz daga Amurka, kiɗan Kuba, da waƙoƙin Faransa. A cikin wannan haɗin Aminata ta taso, ta kuma yi suna a matsayin mawaƙiyar ƙungiyar Star Jazz ta Saint-Louis.

Ku ɗan tsaya ku auna wannan. A Senegal ta lokacin, waƙa a gaban taro sana'ar gado ce ta maroƙa, waɗanda Wolof ke kira gewel. Ƙungiyoyin kiɗan zamani masu wasa a gidajen rawa da daddare kuwa na maza ne kusan kaf. Mace ta hau dandamali tsakanin masu busa da masu ganga, ta ɗauki salon blues na baƙaƙen Amurka ta zuba shi cikin Wolof, ai ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Masu sauraro sun riƙa kwatanta ta da manyan mawaƙan Amurka irin su Mahalia Jackson da Billie Holiday. A gida kuma laƙabinta Garmi, kalmar da Wolof ke kiran mai jinin sarauta da ita.

A 1966 shugaba Léopold Sédar Senghor ya tara duniya a Dakar don bikin farko na fasahar baƙar fata, wanda har Duke Ellington ya zo. Shi ne bikin da Najeriya ta karɓi na biyunsa a 1977, wato FESTAC. Aminata tana cikin waɗanda suka yi wasa a na Dakar ɗin, kuma ta zama ɗaya daga cikin masu fasahar gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, Daniel Sorano, wanda aka buɗe a 1965. Mambéty shi ma ya yi zamansa a wannan gidan a matsayin ɗan wasa kafin ya koma bayan kyamara. Da ya tashi yin Touki Bouki, bai tsaya ga ba ta rawar takawa kawai ba, har muryarta ya sa a sautin fim ɗin. Ga waƙar Josephine Baker da ke ta maimaituwa tana kwaɗaita wa masoyan Paris, ga kuma muryar Aminata da ke jawo kunnenka ta dawo da kai Dakar. Idan ka lura, rigimar fim ɗin ke nan baki ɗaya: a tafi ko a zauna. A ƙarshe Anta ta shiga jirgin ruwa, Mory ya juya da gudu ya koma gari.

Bayan shekara 21 suka sake haɗuwa a Le Franc, gajeren fim na wajen minti 45 da ya fito a 1994. 'Yan uwanmu na Nijar ba sai an tuna musu da wannan shekarar ba, don a watan Janairunta aka karya darajar sefa da rabi, talaka ya wayi gari kuɗin aljihunsa sun zama rabin abin da suke jiya. A cikin wannan yanayi Mambéty ya kafa labarinsa. Marigo makaɗi ne da kuɗin haya suka taru masa, mai gidan ta ƙwace masa abin kiɗansa, kongoma, wani akwatin katako mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da yatsu. Ya sayi tikitin caca, don kada ya ɓata ya manna shi a jikin ƙofar ɗakinsa. Tikiti ya ci, ya kuma ƙi ɓantaruwa. Sai ga bawan Allah ya ciro ƙofa sukutum ya ɗora a ka yana ratsa Dakar da ita, har bakin teku. Wa kuke tsammani ta fito a mai gidan hayar? Aminata ce, tana da shekara 64.

A nan na gane girmanta. A rubuce, rawar ba ta wuce ta masifaffiyar tsohuwa mai neman kuɗinta ba, irin wadda ake sakawa don a yi dariya a wuce. Ita kuwa sai ta yi faɗan kamar tana rera waƙa, ta yi waƙar kamar tana kuka. Kana jin haushinta, kana kuma ganin cewa ita ma talaka ce, kuɗin hayar nan su ne tuwonta. Ba ka iya tsanarta. Sau biyu aka ba ta matsayin mai bin bashi, sau biyun kuma ta fita da fim ɗin a hannunta.

Mambéty ya rasu a 1998. A ƙarshen shekarun 1990 wani daraktan Senegal, Moussa Sène Absa, ya yi fim na gaskiya a kan rayuwarta mai suna Blues pour une diva, tun tana raye. Ta rasu a watan Nuwamba na 2002, tana da shekara 72. Allah ya jiƙanta.

Abin da ke damuna shi ne wannan. A 2008 gidauniyar Martin Scorsese ta gyara Touki Bouki, aka sake fitar da shi tsaf. A 2022 masana fim da mujallar Sight and Sound ta tambaya suka sa shi cikin fina-finai 100 mafi girma a tarihi. Ana ta rubutu a kan darakta, a kan babur mai ƙaho, a kan masoya biyu. Matar da ta shafe shekaru tana waƙa kafin a ɗauki ko da hoto ɗaya na fim ɗin, sai ka gangara ƙasan jerin sunaye kafin ka gan ta. Ni ma haka na yi mata da farko, kuma na san haka da yawanmu muke yi wa duk wadda ta fito a uwa, ko gwaggo, ko maƙwabciya mai faɗa. Mun haddace sunan jarumi da jaruma, ita kuwa sai mu ce tsohuwar nan ta fim kaza.

Don haka ga shawarata. Ku nemi Le Franc ku fara da shi, tunda gajere ne, ba zai cinye muku data sosai ba, kuma ko ba ku jin Wolof za ku fahimci komai. Sannan ku kalli Touki Bouki, ku jira wurin faretin nan. Idan muryar ta tashi, ku sani Aminata Fall ce, 'yar Ndar. In kun kalla, ina jiran jin wanne ya fi kama ku a cikin biyun. Ni dai har yau ina wajen mai gidan haya.