Tarihin Marigayi Jori Hamani, Shugaban Nijar Na Farko

'Yan uwa na gida da na Kano da Yamai, yaranmu sun san sunan Jori a filin jirgin sama na Yamai, amma kaɗan ne suka san mutumin. To, ga tarihinsa a taƙaice.

An haife shi ran 6 ga Yuni 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi lakwal ɗin malamai ta William Ponty a Senegal, ya zama mushe, ya koyar a Maraɗi, har a Faris ya koyar da Hausa da Zabarmanci. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN-RDA, a shekaran nan kuma ya zama depite a majalisar Faransa. A zaɓen 1958 ya tsaya bayan Faransa, Jibo Bakari na Sawaba ya ƙi. Jori ya karɓi gwamnati, kuma shi ya sanar da mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960.

Mu mutanen ƙasar Matamai ta gyaɗa muka san mulkinsa. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa da UNCC mai kula da kwaparati. Kuɗi ya shigo, aka yi aure, aka sayi keke da rediyo, amma gwamnati ke yanke farashi, lanho kuma ba ya jira. Da aka soke Sawaba a 1959 bakin mutane ya mutu. Bayan harin 'yan Sawaba na 1964 an kama mutane da yawa, dattawanmu sun san gidajen da abin ya shafa. A 1965 aka jefa masa gurneti a filin idi, Allah ya kuɓutar da shi.

Abu guda ba za mu manta masa ba: a yaƙin Biyafara ya tsaya wa Nijeriya ko da Faransa ba ta so. Mu da danginmu ke Daura mun san darajar wannan.

Fari ne ya ci shi. Dabbobi suka ƙare, aka yi ta zargin manya da karkatar da hatsin taimako. Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya yi juyin mulki, aka kashe matarsa Hajiya A'isha a daren. Aka tsare shi a Damagaram har 1980, sannan ɗaurin talala a Yamai. Ya rasu a Rabat ta Maroko ran 23 ga Afrilu 1989. Allah ya jiƙansa.