Tarihin Hujjatul Islam Imamu Gazali, da Yadda Ya Fito Daga Shakka Zuwa Yaƙini

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya zukata, mai shiryar da wanda ya so da falalarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai, tun da sunan Imamu Gazali ya zo cikin baitocin wannan littafi, na ga ya kamata in kawo tarihinsa a taƙaice, domin mai karatu ya san wanda ake nufi, ya kuma san ta inda bawa ke samun sakankancewa cikin addininsa.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid. An haife shi a garin Ɗus cikin Hurasan, ƙasar Iran ta yau, shekara ta 450 bayan Hijira, daidai da 1058 ta Miladiyya. Masu tarihi sun ruwaito cewa mahaifinsa talaka ne mai son malamai. Da ajali ya zo masa sai ya damƙa shi da ƙaninsa Ahmadu ga wani abokinsa sufi, tare da 'yar dukiyar da ya bari. Da dukiyar ta ƙare, sai sufin nan ya sa su makaranta domin su sami karatu da abin kai wa baki. Daga nan ya yi ta neman ilmi har ya isa Naisaburu, ya durƙusa gaban Imamul Haramaini Juwaini, ya ƙoshi da fiƙihun Shafi'iyya da usulu da ilmin tauhidi. Bayan rasuwar malaminsa a 478, sai ya tafi wajen waziri Nizamul Mulki, shi kuwa ya ɗora shi kan kujerar makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekara ta 484, yana da shekara 34. Almajirai 300 ke zama gabansa.

Wannan shi ne zahirin al'amarinsa. Amma baɗininsa, shi da kansa ya bayyana shi cikin littafinsa Almunƙizu minad Dalal. Tun yana saurayi ya lura 'ya'yan Nasara suna tashi Nasara, 'ya'yan Yahudu suna tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tashi Musulmi. Ya tuna da hadisin fiɗira, wanda ya nuna iyaye ne ke karkatar da ɗa zuwa addininsu. Sai ya so ya rarrabe tsakanin abin da Allah ya halicce shi a kai da abin da ya sha a nono. Ya nemi sanin da shakka ba ta ratsa shi. Ya gwada ido, sai ya ga ido yana nuna masa inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana nuna masa tauraro kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Ya koma ga hankali, sai ya tuna mai mafarki yana gaskata mafarkinsa har ya farka. Ya zauna cikin wannan cuta kusan wata 2, tana cin zuciyarsa, harshensa bai furta ta ga kowa ba. Kuma ya shaida cewa ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa cikin ƙirjinsa.

Da ya sami sauƙi sai ya kasa masu neman gaskiya kashi 4: masu ilmin kalamu, da 'yan falsafa, da Baɗiniyya masu cewa sai ta bakin imami ma'asumi, da sufaye. Bai yarda ya yi wa kowa hukunci da jita-jita ba, sai da ya shiga gidan kowa ya ga abin da ke ciki. Ilmin kalamu ya same shi mai tsare aƙida daga 'yan bidi'a, amma bai kashe masa ƙishirwa ba. Falsafa ya karance ta cikin abin da bai kai shekara 2 ba, ba tare da malami ba, ya karɓi lissafinta da manɗiƙinta, ya yi mata raddi cikin mas'ala 20 a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya hukunta 3 daga ciki da kafirci: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san daki-dakin abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Baɗiniyya kuwa ya rubuta musu raddi da umurnin halifa Mustazhiru.

Saura sufaye. Ya karanta Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalib Makki, da littattafan Muhasibi, da abin da aka ruwaito daga Junaidu, har ya gane hanyarsu ba ta cika da karatu sai da ɗanɗano, kamar yadda sanin ma'anar ƙoshi daban, ƙoshi daban. A nan ya juya ya dubi kansa. Imaninsa da Allah da Annabci da ranar lahira yana nan daram, amma ya binciki niyyarsa ta karantarwa ya tarar neman girma ne da yaɗuwar suna. Daga Rajab na 488 ya yi kusan wata 6 yana kai gwauro yana kai mari tsakanin kiran lahira da zaƙin kujera, har Allah ya ɗaure masa harshe, ya kasa ba da karatu, abinci ya ƙi shiga. Masu magani suka ce ciwon daga zuciya yake. A Zulƙida na wannan shekara, daidai da 1095, ya raba dukiyarsa, ya bar wa iyali abin da zai ishe su, ya fita Bagadaza.

Ya sauka Dimashƙa, yana hawa hasumiyar babban masallacinta ya rufe ƙofa yana zikiri. Ya wuce Baitul Muƙaddas, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahimu, ya yi hajji. Cikin waɗannan shekaru na kaɗaita ya wallafa Ihya'u Ulumid Din, wanda malamanmu suka daɗe suna karantarwa a zaurukan ilmi. A 499 ya koma karantarwa a Naisaburu, da wata niyya wadda ba ta dā ba. Daga baya ya koma Ɗus ya zauna da ɗalibai da sufaye, har Allah ya karɓi abinsa ran 14 ga Jimada Sani 505, daidai da 1111, yana da shekara 55. Allah ya jiƙansa da rahama.

To, ya ɗan'uwa, ga abin da na fahimta daga wannan tarihi bayan shekarun da na yi ina karantarwa. Haihuwa cikin gidan Musulunci ni'ima ce babba, amma gado ne, kuma Imamu ya kwatanta koyi da iyaye da ƙarau, in ya fashe ba ya ɗinkuwa sai an narka shi an sāke ƙerawa. Saboda haka idan ɗanka ko almajirinka ya zo maka da tambaya mai nauyi game da Allah ko Annabci, kada ka kore shi da zagi, kada ka yi gaggawar kiransa kafiri. Mai ciwo ne ya zo wajen mai magani, kuma wanda ake wa laƙabi da Hujjatul Islam ya kwanta irin wannan ciwo. Shi da kansa, cikin littafinsa Faisalut Tafriƙa, ya tsoratar da mu kafirta masu fuskantar alƙibla, ya kuma yi fatan rahama ga waɗanda kiran Musulunci bai kai gare su ba, ko ya kai musu a gurɓace.

Mu kuma malamai da muƙaddamai, namu gargaɗin ya fi nauyi. Wanda almajirai 300 ke saurarensa ya tuhumci niyyarsa. Ina ga mai 30? Kowa ya binciki zuciyarsa, ya lazimci wuridinsa da ikhlasi, ya roƙi hasken nan, domin kyauta ce ta Allah, amma mai ƙwanƙwasa ƙofa ake buɗe wa.

Allah ya tabbatar da zukatanmu a kan imani, ya shiryi zuriyarmu, ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.