Emmy Noether: Malamar Lissafi Da Ta Yi Shekaru Tana Aiki Ba Albashi

Ran 14 ga watan Afrilu, 1935, wata Bajamushiya ta rasu a ƙasar Amurka, 'yan kwanaki bayan an yi mata tiyata. Shekarunta 53 a duniya. Sunanta Emmy Noether, kuma duk wanda ya yi zurfi cikin ilmin lissafi, ko a wace jami'a yake, sai ya ci karo da wannan suna.

An haife ta ran 23 ga watan Maris, 1882, a garin Erlangen na ƙasar Jamus. Mahaifinta, Max Noether, shehun malamin lissafi ne a jami'ar garin. A 1900 ta ci jarrabawar koyar da Ingilishi da Faransanci, amma hankalinta yana wajen lissafi. A zamanin nan kuwa jami'ar ba ta rubuta sunan mace cikin ɗalibai, sai dai ta roƙi kowane malami izni ta zauna ta saurara. Haka ta yi ta haƙuri har aka sassauta doka, ta sami digirin dakta a 1907. Sa'an nan ta yi shekara bakwai tana aiki a jami'ar, ba a biya ta ko anini ba.

A 1915 manyan masana biyu, David Hilbert da Felix Klein, suka gayyace ta Jami'ar Gottingen, wadda ita ce cibiyar lissafi a lokacin. To, amma waɗansu malaman suka ƙi yarda mace ta zama malama a cikinsu. Saboda haka sai a sa sunan Hilbert a takardar sanarwa, ita kuwa ta shiga aji ta koyar. Sai a 1919 aka ba ta iznin koyarwa da sunanta, ɗan albashi kuma bai fara zuwa ba sai a 1923.

Cikin wannan hali ne ta fito da ƙa'idar nan tata a 1918. Ta nuna cewa tun da dokokin halitta ba sa sakewa daga jiya zuwa yau, watau dutsen da ka jefa yau zai faɗo kamar na jiya, to dole ne makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. Har yanzu masana kimiyya suna dogara da wannan ƙa'ida.

Amma babban aikinta yana cikin aljabara. Ga misali: a agogo, in ka ƙara awa 5 a kan ƙarfe 9, ƙarfe 2 za ka samu, ba 14 ba. Duk da haka, dokokin tarawa na agogo sun yi kama da na ƙidaya da muka saba. Noether ta koya wa masana su kawar da ido daga lambobin, su dubi dokokin kansu, don abin da aka tabbatar sau ɗaya ya yi amfani a wurare da yawa. Takardar da ta buga a 1921 ta zama tushen wannan hanya, ɗalibai kuma suka yi ta zuwa wurinta daga ƙasashe dabam dabam. Ɗaya daga cikinsu, van der Waerden na ƙasar Holan, ya rubuta littafin da ya baza koyarwarta ko'ina.

A 1933 Hitila ya hau mulki, aka kore ta daga aiki saboda ita Bayahudiya ce. Ba ta daina ba, ta ci gaba da tara ɗalibai a gidanta, kafin ta ƙaura zuwa Amurka, inda ta koyar a Bryn Mawr, wata kwalejin mata. Da ta rasu, Albert Einstein ya rubuta wa jaridar New York Times wasiƙa yana yabon basirarta.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, waɗanda suka tare mata ƙofa an manta da yawancinsu, ita kuwa sunanta yana cikin littattafai. Uban da yake shawarar cire 'yarsa daga makaranta, ya kamata ya tuna da labarin wannan baiwar Allah.