Janar Murtala Muhammed: Kwana 200 Na Yaƙi Da Rashawa

An haifi marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed a birnin Kano ran 8 ga watan Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Midil ta Kano da Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, sa'an nan ya shiga aikin soja a 1958. Ya sami horo a Sandhurst ta ƙasar Ingila, aka ba shi muƙamin hafsa a 1961, ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Yana daga cikin hafsoshin da suka jagoranci juyin mulkin watan Yuli, 1966. A lokacin yaƙin basasa shi ne kwamandan Runduna ta Biyu wadda ta ƙwato Benin a 1967. Amma kisan fararen hula da sojojin rundunar suka yi a Asaba cikin watan Oktoban shekarar ya zama tabo a tarihinsa.

Bayan yaƙi kuɗin man fetur suka malalo cikin baitulmali, maganar cin hanci da rashawa kuma ta cika gari. A 1974 Mista Godwin Daboh ya yi rantsuwa a kotu yana zargin Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, Mista Joseph Tarka, da rashawa. Tarka ya yi murabus, aka naɗa Murtala a gurbinsa. Shi kuwa Mista Aper Aku, wanda ya kawo irin wannan zargi a kan Gwamnan Jihar Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk, tsare shi aka yi, gwamnati kuma ta wanke gwamnan. A 1975 aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cunkoso a tashar Ikko, ana biyan su kuɗin jira daga aljihun gwamnati. Mutane da yawa sun ga abin da ya sami Aper Aku, suka ja bakinsu suka yi shiru, har abin kunya ya zama hirar majalisa kawai.

Cikin wannan hali ne aka hamɓarar da Janar Yakubu Gowon ran 29 ga watan Yuli, 1975, yana taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Kampala. Aka naɗa Birgediya Murtala Shugaban Ƙasa yana da shekara 36.

Nan take ya sauke gwamnonin jihohi 12, ya kafa hukumar binciken dukiyarsu. Aka sami 10 daga cikinsu da laifi, aka ƙwace kadarorin da suka tara. Birgediya Mobolaji Johnson na Jihar Ikko da Birgediya Oluwole Rotimi na Jihar Yamma su kaɗai suka kuɓuta. Daga nan tsintsiya ta shiga ofisoshi, aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, har da alƙalai da 'yan sanda da malaman jami'a, bisa dalilan rashawa ko lalaci ko tsufa ko rashin lafiya. Ya kuma kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a domin talaka ya sami inda zai kai kuka. Ma'aikata suka riƙa sammakon zuwa ofis, takardun da suka daɗe suna kwana a kan tebur suka fara tafiya.

Sai dai wannan shara ta haɗa da masu gaskiya. An kori mutane da dama ba tare da an ji ta bakinsu ba, wasu ma a rediyo suka ji labarin korarsu. Masana aikin gwamnati da yawa suna ganin tun daga lokacin ne ma'aikaci ya daina amincewa cewa aikinsa zai kai shi ga fansho, wasu kuma suka koma tanadin gobe ta hanyar da ba ta dace ba.

Ban da wannan, Murtala ya soke ƙidayar 1973, ya tsayar da 1 ga watan Oktoba, 1979 ranar miƙa mulki ga farar hula. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976 ya mai da jihohi 19, ya kuma bayyana shirin ƙaura da babban birni zuwa Abuja. Bayan kwana goma, ran Jumma'a 13 ga wata, sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta suka harbe shi a cikin motarsa a Ikko, yana kan hanyar ofis ba tare da jerin gwanon masu gadi ba. An yi jana'izarsa a Kano. Ɗalibai sun fita tituna suna kuka, daga baya aka sa hotonsa a takardar naira 20, aka raɗa wa filin jirgin saman Ikko sunansa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya nuna iyakar gyaran da ya taso daga sama kaɗai. A 1979 aka zaɓi Tarka ɗan Majalisar Dattawa. A 1983 Samuel Ogbemudia, ɗaya daga cikin gwamnonin nan 10, ya koma kujerar gwamnan Jihar Bendel ta hanyar zaɓe. A zamanin Janar Ibrahim Babangida kuma aka mayar wa tsofaffin gwamnonin kadarorin da aka ƙwace. Jama'ar da ta yi tafi ranar ƙwacewa ba ta ta da jijiyar wuya ranar mayarwa ba.

Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Murtala ya nuna cewa ana iya hukunta babba cikin ƙanƙanen lokaci, amma kwana 200 ba su isa su canja halin ko-in-kula na jama'a ba. Wannan aiki ya rage ga ma'aikacin da takardar kwangila take bi ta teburinsa, da ɗalibin da zai gaji kujerarsa, da mai jefa ƙuri'a wanda yake tuna abin da ɗan takara ya aikata jiya.