Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Hasken Alƙalai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ga taƙaitaccen tarihin malamin da ya tsara wa ƙasar Hausa hanyar alƙalanci, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙan su.

An haife shi wajen shekara ta 1766. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsa, sannan ya lizimci wansa Shehu. Cikin malamansa akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda kabarinsa yake kusa da Madawa, nan ƙasarmu. A wurinsa ya karanta usulul fiƙihu, ilmin da ke bayyana inda hukunci yake fitowa: Alƙur'ani, sannan Sunna, sannan ijma'in malamai, sannan ƙiyasi, wato auna sabuwar mas'ala da tsohuwa saboda dalilin da ya haɗa su. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ƙara da aikin mutanen Madina, da maslaha, da al'adar da ba ta saɓa wa nassi ba.

A shekara ta 1804 ya yi hijira tare da Shehu zuwa Gudu, kuma shi ya jagoranci jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto. Amma bayan yaƙin Alwasa na 1805 ya ga son duniya da neman mulki sun shiga zukatan waɗansu, sai ransa ya ɓaci, ya kama hanyar Makka. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su dogara da shi wajen hukunci. Nan ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma wurin Shehu.

A cikin littafin ya bayyana wajibcin naɗa shugaba, da muƙaman da ke ƙarƙashinsa. Alƙali ne ke raba gardama tsakanin mutane. Mai duba mazalim yana sauraron kukan wanda mai iko ya zalunta. Muhtasibi kuwa yana lura da kasuwa da mudu da ma'auni. Ya tsananta a kan cin hanci da mayar da mulki gado. Fiƙihun da ya karantar ya tsara zaman shari'a dalla-dalla: alƙali ya fara gane wane ne mai ƙara, wane ne ake ƙara, domin kawo shaidu yana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Ya daidaita su wajen zama da saurare, kada ya yanke hukunci yana cikin fushi. Ba a karɓar shaida sai ta adali.

A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula. Ya zauna Gwandu yana mulki, yana karantarwa, yana wallafa, har ya rasu a 1829.

Ya ku jama'a, a yau rigingimun gona da gado da aure sun yawaita a Madawa da Buza da Kaita. Ana fara kai su gaban mai gari ko sarki don sulhu, in ya faskara a wuce kotu, inda alƙali ke zama da masana al'ada, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara. A kowane mataki shaida ce ginshiƙi, kuma daga cikinmu shaidu suke fitowa. Wanda ya yi shaidar zur don a ƙwace gonar maraya, ya sani hukuncin alƙali ba ya halatta haram, kuma akwai ranar da gaɓoɓinsa za su ba da shaida a kansa. Wanda ya san gaskiya ya ɓoye ta don tsoro ko kunyar dangi, shi ma yana da zunubi.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya ba alƙalanmu da sarakunanmu ikon yin adalci, Ya tsare harsunanmu daga ƙarya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.